Shirun Motar Ayuba

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif, a wannan makon, da muka kai Ayuba bakanike makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in sake ajiyewa. Na yi shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane rubutun insha'i, ina ja wa duk wanda ya tsaya kwana-kwana jan layi, sai ga shi ni ma na kwashe shekaru ina kwana-kwanar. Bana zan faɗa. Amana ɗaya tak Ayuba ya bar mini, mai sauƙin da ko ɗan aji ɗaya zai riƙe, na kuwa kasa.

Sai na fara da motar, don duk wanda ya san Ayuba a Sabon Gari, motar ya fara ji kafin ya gan shi.

Ƙirar Amurka ce, koriya mai duhu, ƙofa biyu, da dogon hanci wanda yakan riga direba shiga kwana. Wani Ba'amurke malamin aikin gona ne ya zo da ita Samaru tun muna samari. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, ya sa ta a kasuwa. Manyan malaman jami'a suka riƙa zuwa suna zagaya ta, su shafa, su tambayi mai nawa take sha, a faɗa musu, su yi sallama cikin mutunci. A ƙarshe Ayuba, wanda dama shi ke duba masa ita, ya same ta a kan abin da bai kai kuɗin tsohon babur ba.

Abin da Baturen ya gaya masa ranar, Ayuba ya maimaita mini shi har na haddace. Wai a can ƙasarsu wannan motar talaka ce. An ɗauki jikin ƙaramar mota mai araha, aka cusa mata injin babbar mota mai silinda takwas, aka cire duk wani abin ƙawa don saurayi mai aikin masana'anta ya iya saye. Ba na'urar sanyi, ba kafet sai tabarmar roba, kujerar gaba doguwa guda ɗaya kamar bencin coci, kuma kusan taurinsu ɗaya. Wannan labari ya fi motar kanta yi wa Ayuba daɗi. Yakan bugi bonet da tafin hannu ya ce, "Malam, ka ga wannan? Ni ce. Ba kwalliya, sai ƙirji."

Mutanen Sabon Gari suka sa mata suna Tsawa. Sunan bai yi mata adalci ba. Ba ƙara take yi irin ta motar da salansarta ta fashe ba. Gurnani ne can ƙasa, a hankali, mai ɗan tsalle-tsalle, irin wanda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Matarsa Saratu, wadda muke kira Maman Talatu, takan ce tun yana kwanar shigowa Jushi take ɗora ruwan shayi, kafin ya kashe injin ruwan ya tafasa.

Asabar ranarmu ce, tun da Lahadi ta Mai Sama ce, sauran kwanaki kuma na hedimasta da masu motocin haya ne. Da safe zai taso daga Jushi, ya bi ta Kwangila, ya zo Samaru ya ɗauke ni, mu nufi hanyar Shika. Akwai wani miƙaƙƙen wuri da yakan dube ni ta wutsiyar ido ya ce, "Riƙe hularka, Malam." Sai ya taka. Ni kuwa in riƙe hular da hannu ɗaya, ƙofa da ɗaya, in kama addu'a a fili. Yakan yi mini tsiya cewa a shekarun nan duka ban taɓa kaiwa Amin ba kafin ya ɗaga ƙafa. Ban iya tuƙi ba, ban kuma taɓa sha'awar koya ba. Ni mutumin littafi ne, shi mutumin sifana. Abin da ya haɗa mu ban sani ba, in ban da cewa kowannenmu yana ganin ɗan'uwansa ya ɓata rayuwarsa a kan abin banza, kuma yana jin daɗin gaya masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da la'asar na je duba shi, ya ce in miƙo hannu. Ya sa mini makulli.

"Duk Asabar da safe ka je ka tayar da ita. Minti goma. Ba sai ta motsa ba."

Na ce, "Ayuba, ga Isa, ga duk waɗanda suka koyi aiki a hannunka, ka rasa wanda za ka ba sai mutumin da bai san birki da totur ba?"

"Shi ya sa," in ji shi. "Kai kaɗai ne a Zariya zan ba makulli in tabbata inda na bar ta nan za a same ta. Saurara da kyau, Malam, yau ni ne mai alli. Taka totur sau biyu, ka ƙirga biyar, ka murɗa. Irin wannan injin gudu ba ya kashe shi. Zama ke kashe shi."

Ya sa na maimaita sau uku. A na ukun ya ce na ci, amma da ƙyar.

Mako uku bayan jana'iza na je. Na yi sammako, na tarar da ƙofar gida a buɗe, motar tana ƙarƙashin rumfar kwanonta kusa da mangwaro. Na ce bari in gama aikina shiru-shiru kafin in shiga gaisuwa, kada in dami mai makoki. Ku dubi wannan tunani: shiru-shiru, da Tsawa. Na zauna a mazauninsa, wanda ya lotsa daidai jikinsa ba nawa ba. Na taka sau biyu, na ƙirga biyar, na murɗa. Ta amsa nan take, kamar dama jira take.

Sai ga Saratu ta fito daga madafa da gudu, ba kallabi, butar shayi a hannunta. Mace mai shekara sittin da wani abu, wadda ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba ko a ruwan sama. Fuskarta a sake, kamar ta amarya. Ta kai tsakar gida, ta dubi gilashin mota, ta gan ni.

Na karanta littattafai da yawa da suka yi ƙoƙarin kwatanta yadda fuska ke mutuwa mai ita yana tsaye. Duk sun yi ƙoƙari, na ba su rabin maki.

Ta ce, "Au, Malam ne. Sannu da zuwa." Ta juya ta koma ciki. Na kashe injin ko minti uku bai yi ba.

A hanyar komawa Samaru na yanke hukunci ni kaɗai, ban shawarci kowa ba. Na ce wannan ba riƙon amana ba ne, yanka ne duk mako. Ranar Litinin na sayi tamfol na je na lulluɓe motar, na ɗaure da igiya. Makullin na sa shi a aljihun tebur, ƙarƙashin takardun fanshona. Na ci gaba da zuwa gaishe ta ranar Lahadi bayan sujada, mu yi maganar ciwon gwiwa da tsadar kayan miya da auren Talatu. Ba ta taɓa ambaton motar ba, ni ma ban ambata ba. Har cikin raina ina yaba wa kaina, ina ganin na yi abin da mai zurfin hankali zai yi. Shekara goma ina riƙe da wannan maki da ni na ba kaina.

A cikin shekarun nan nakan tambayi kaina abin da Ayuba zai ce da ya leƙo. Motocin yanzu sukan wuce ka kamar ɓarawo, ba gaisuwa ba gyaran murya. Bakanike ba ya kasa kunne, sai ya jona na'ura ta gaya masa ciwon da Turanci, shi kuma ya fassara wa mai mota da ƙari. Ayuba da doguwar sukudireba yake aiki, ya ɗora bakinta a kan injin, ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi. Kuɗin mai kuwa, da ya ga inda ya kai, na tabbata zai ce in riƙe hulata ne a tsaye a tsakar gida, ya yi mini gurnanin da baki. Abin da ban taɓa zato ba shi ne za a wayi gari motar da malaman jami'a suka guje wa ta zama abin nema.

Bara ne Talatu, 'yarsu, ta kira ni a waya. An yi suna a gidan, an ɗauki hotuna an watsa, iska kuma ta yaye gefen tamfol, hancin motar ya fito a bayan masu rawa. Wani mai tara tsofaffin motoci a Abuja ya gani, ya bi diddigi har ya samo lambarta. Talatu ta ce, "Baba Malam, ka zo da makulli, kai Baba ya ba."

Mai tara motocin saurayi ne mai ladabi, ba zan ci zalinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya kwanta da farar shaddarsa a ƙasa ya haska ƙarƙashin motar da tocila. Ya duba wata lamba a jikin injin, ya duba wata a jikin ƙofa, ya ga sun dace, ya tashi. Ya yi mana bayani kamar mai kare digiri. Ya ce manyan irin waɗannan motoci, masu tsadar tun asali, attajiran duniya sun gama kwashe su, ba mai iya taɓawa. Sai ido ya koma kan na talakawa. Su kuma na talakawan ba wanda ya adana su, an more su har suka ƙare, don haka wadda ta tsira da injinta na asali da fentinta na asali, ba a sake mata zuciya ba, ta fi zinariya wuyar samu. Na ce a raina, ashe talaka ma yakan yi daraja, muddin 'yan'uwansa sun ƙare.

Na tambaye shi inda yake ajiye nasa. Ya ce ɗaki ya gina musu, da na'urar sanyi. Na ce suna fita? Ya yi dariya ya ce, "A kan titunan nan namu, Baba?" Wato motar da aka ƙera ba na'urar sanyi don talaka ya yi gudu, yanzu za ta samu sanyin, ta rasa gudun.

Sannan ya faɗi maganar da har yau take tashe ni. Ya shafa tamfol ɗin ya ce, "Gaskiya wanda ya rufe ta ya yi mata gata. Gara da ba a taɓa ta ba." Na tsaya kamar ɗalibin da ake yaba wa a gaban aji a kan amsar da ya san kuskure ce.

Talatu ta aika aka kira Isa. Shi ne babba a cikin waɗanda Ayuba ya koya wa aiki, yanzu da garejinsa a hanyar Basawa da furfurarsa. Ya buɗe bonet, ya sa doguwar sifana a gaban injin ya ja. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ajiye sifanar a hankali, bai dube ni ba, ya ce, "Ya cije. Tsatsa ta kama fistin. Shekara nawa rabon da a tayar da ita?"

Lokacin kunnen Saratu ya riga ya yi nauyi, sai an matso ta hagu an ɗaga murya. Talatu ta maimaita mata abin da baƙon ke so, wato a sayar masa da motar. Saratu ta ce ba ta ce a'a ba, amma motar ba za ta fita daga ƙofar nan ba sai ta sake jin ta da kunnenta. Sannan ta juyo gare ni, a gaban baƙo, a gaban Isa.

"Malam, tun da magana ta zo. Me ya sa ka daina zuwa?"

Na matsa kusa na ce mata na ga fuskarta ranar nan, na ce ba zan sake yi mata haka ba.

"Kuka na shiga na yi, gaskiya ne," in ji ta. "To, ba sai a yi kukan ba? Asabar ta gaba tun bakwai na ɗora ruwa, na fito da kofi biyu. Na ce ko ba shi, muryarsa za ta zo. Ba ka zo ba. Na fi shekara biyu ina ɗora ruwan nan."

Na ce, "Maman Talatu, me ya hana ki aiko?"

"Kai ya ba makullin, ba ni ba. In aika in ce maka me, ka ci amana? Na ɗauka kai ne zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Na ce kada in matsa wa Malam."

Haka muka yi, mu biyu, tsofaffi masu kunya da tarbiyya. Ina tausaya mata, tana tausaya mini, tsatsa tana aikinta a tsakaninmu.

Baƙon ya ce a ba shi ya kai ta Abuja, cikin mako biyu zai dawo da ita tana numfashi. Saratu ta ce ta riga ta faɗi magana a kan ƙofa. Isa kuma ya ce ba mai fasa injin Oga da guduma yana raye. Ya kwance fulogi takwas ɗin, ya zuba baƙin mai da kananzir a kowane rami, ya ce sai haƙuri. Duk Asabar muka riƙa haɗuwa a Jushi, ya ƙara mai, ya sa sifana ya ja a hankali, ya girgiza kai. Ni aikina riƙe mazurari. Saratu tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana kallo, shayi yana hucewa a gefenta. A mako na tara sifanar ta motsa kamar faɗin yatsa. Isa ya ce Alhamdu lillahi, na ce Halleluya, ba wanda ya gyara wa wani.

Amma bayan injin ya saki, akwai kafireta da ta toshe, akwai tankin mai da ya ruɓe, akwai wayoyin da ɓeraye suka yi shekara goma suna karatu a kansu. Wata huɗu aka yi. A tsakiyar damina zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Saratu kwana goma. Ta tashi, mun gode wa Ubangiji. Na lura ta rage amsa magana, na ce gajiyar ciwo ce. Kun ga ban daina karanta fuska ba daidai ba.

Ranar da Isa ya ce an shirya, ya ɗora jarkar mai a gefe da tiyo, ya goge hannu, ya buɗe mini ƙofa. "Malam, kai aka ba." Na zauna a lotsattsen wurin nan. Na taka sau biyu, na ƙirga biyar, na murɗa. Ta yi tari. Na sake. Ta yi tari ta yi shiru. A karo na uku ta kama.

Hayaƙi ya cika tsakar gida. Kaji suka watse, kwanon rumfa ya ɗauki rawa, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, wani tsoho daga tsallaken layi ya fito da carbinsa a hannu yana cewa, "Tsawa ce? Wallahi Tsawa ce!" Na fito da sauri ina neman fuskar Saratu, ina so in ga wancan hasken da na kashe.

Tana zaune taku uku daga motar, tana duban bakina. Ta ce da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, "Malam, ta ƙi ne? Ku bar ta haka, kada ku wahalar da kanku. Wani makon a sake gwadawa."

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Talatu ce ta fi mu hankali. Ta kama hannun uwarta ta tashe ta, ta kai ta gaban motar, ta ɗora tafin a kan bonet. Saratu ta zabura, sannan ta ɗora ɗaya hannun. Ta rufe ido. Ta daɗe a haka, rawar injin tana bin hannuwanta har gefen mayafinta yana kaɗawa.

Da ta buɗe ido ta ce, "Ita ce." Sannan ta dubi Isa. "Amma tana ɗingishi, Isa. Da shi ne bai bar ta haka ba."

Isa ya leƙa, ya tarar da wayar fulogi ɗaya ta zame. Ya mayar, gurnanin ya daidaita. Sai ya juya mana baya ya daɗe yana goge fuska da tsumman mai.

Saurayin Abuja yakan kira Talatu lokaci-lokaci, cikin ladabi. Amsar da Saratu ta bayar ita ce sharaɗinta bai cika ba, ta ce sai ta ji da kunnenta, ba ta kuwa ji ba. In ta bi mijinta, Talatu ta yi yadda ta ga dama. Ban ga laifinsa ba. Shi lamba yake nema da ta dace da lamba, kuma ya same ta. Abin da ke cikin motar nan da ya fi lamba ba zai shiga ɗakinsa mai sanyi ba, don ba a jikin ƙarfen yake ba.

Me ya rage na Ayuba? Garejinsa ya zama shagon sayar da waya. Sifanunsa sun watsu a hannun mutanen da ya koya wa aiki. Miƙaƙƙen wurin nan na hanyar Shika an cika shi da shaguna da masu keke mai ƙafa uku, ba inda za a ce wa mutum ya riƙe hula. Abin da ya rage shi ne umarni mai gaɓa uku, da wata mace da ta san bugun injinsa da tafin hannu fiye da yadda ni na san shi da kunnuwa biyu lafiyayyu. Ya gaya mini a fili cewa zama ke kashewa. Na ɗauka darasin kanikanci ne.

Malamin makaranta ba ya rasa alli, don haka na yi lissafin: Asabar sama da ɗari biyar na hana ta, lokacin da kunnenta ke ji. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ubangiji ya ba Ayuba hutawa, ya kuma sa kada ya tambaye ni da yawa idan mun haɗu.

Yanzu duk Asabar ƙarfe bakwai ina Jushi. Nakan fara shiga in gaishe ta, in nuna mata makullin. Ta ɗauko kofi biyu ta ajiye, ta zo ta tsaya a gaban motar ta ɗora hannuwanta. Ni ba na duban agogo. Sai ta ɗaga hannu nake kashewa.